Sunan da Ban Faɗa wa Malamin Lafiya Ba

Sunan 'yata ta fari Zulai. Na sa shi a farkon takardar nan don in huta, domin shekara goma sha shida ta yi a duniya, kuma sau ƙalilan sunan ya fito daga bakina, su ɗin ma duk a makonninta na ƙarshe. Tarin fuka ne ya kashe ta. Mahaifinta ne ya fara kamuwa, ya warke, yana nan har yau yana faɗa da jikoki a kan rediyonsa. Ita kuwa ta tafi, kuma ina da hannu a tafiyar, ko da yake duk wanda na gaya wa haka sai ya ce in yi istigfari, kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne. Amma bari in faɗi yadda aka yi, wataƙila wata ta ji ta kiyaye.

'Yan yanzu ba lallai su gane ba, don haka sai na yi bayani. A zamaninmu a Katsina mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in ya faɗi a gabanta wata ce za ta ɗaga shi. In aka tambaye ki 'ya'yanki nawa, ki ƙirga ki tsallake shi. Ana yaye Zulai, surukata, wadda muke kira Iya, ta ɗauke ta zuwa gidanta a Ƙofar Kwaya, mu kuma muna Ƙofar Marusa. In zan yi zancenta sai in ce ɗiyar Iya. Ita kuma Yaya take ce mini, kamar wata 'yar uwa ta nesa. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. In ta zo gidanmu nakan bi ta da ido ta ƙasa-ƙasa har ta fita, in zuba mata naman da ya fi kyau in ce wa ƙanenta ya miƙa mata.

Maigidana, wanda zan kira Malam, direban gingimari ne. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya tashi gini, shi kuma yana ɗauko siminti daga Ikko ba hutawa. Da abin ya yi albarka sai ya rushe ɗakinsa na ƙasa ya yi na bulo, da rufin kwano da silin da tagogin gilashi. Mutanen unguwa har zuwa kallo suke yi.

Tarin ya fara masa ne a ƙarshen bazara. Mako biyun farko busasshe ne, muka ce ƙurar siminti ce, ya sha maganin tari na kwalba ya koma hanya. A mako na huɗu ya dawo da zazzaɓi mai zuwa da yamma, kullum bayan la'asar kamar an yi masa alkawari. Da safe sai in tarar da zanen gadonsa sharkaf da gumi. Abinci ya fita ransa, mutumin da yake tashi da malmala uku ya koma ɗaya ma sai an yi da gaske. Kafin wata biyu wandonsa ya daina zama a ƙugunsa, ya ajiye mota.

Shawara kuwa mun sha ta. Wannan ya ce zuma da tafarnuwa, wancan ya ce citta da kanumfari a man shanu. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Wani abokin aikinsa ya rantse sammu ne, wai direbobi sun ga ya yi ɗakin bulo. Mai kemis na bakin kasuwa ya yi masa allura biyar, ya ce in bai tashi ba a sake masa suna, kuma har ya bar garin nan ba mu sake masa ba. Abu ɗaya dai kowa ya yarda da shi, cewa sanyi ne ya shige shi, tunda damina ta sauka. Saboda haka aka rufe tagogin nan ruf, aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, aka sa kaskon garwashi. In ka shiga ɗakin sai ka ji numfashinka na neman tsayawa, mu kuma muna ganin gata muke yi masa.

Lokacin ina goyon autata Sadiya, watanta huɗu. Iya ta ce mai jego ba ta zama ɗakin mara lafiya da jaririya, kuma ta yi gaskiya. Sai ya zamana Zulai ta zo dogon hutu daga makarantar kwana inda take koyon aikin malanta. Iya ta riƙa turo ta kowace safiya, ta koma Ƙofar Kwaya da magariba. Ita ce mai share ɗakin, ita ce mai ba shi kunu, ita ce mai zubar da gwangwanin da yake tofa kaki. In ya gaji da kwanciya ta zauna a bakin gado ta karanta masa jarida, shi kuma ya juya fuska bango, don shi ma kunyarta yake ji. Mako shida ta yi a haka, ƙofa a rufe. Da hutu ya ƙare ta ɗauki akwatinta ta koma makaranta, kumatunta cike, lafiyarta ƙalau.

Kwana takwas da tafiyarta, da hantsi, na ga jini a gwangwanin. Ranar babu wanda ya sake zancen zuma. Ƙaninsa Sule ya ɗauke shi a motar haya sai babban asibiti.

Asibiti sai mai haƙuri. Ranar farko a layin yankar kati ta ƙare. Rana ta biyu suka ga likita, wani Ba'indiye mai gilashi, ya ce a kawo kaki na safiya uku a jere, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoton ya tafi ɗaurin aure, sai da aka jira shi kwana biyu. Cikin mako guda dai magana ta fito, tarin fuka ne. Aka kwantar da shi a wani dogon ɗaki can ƙarshen asibitin, inda tagogi suke a wangale dare da rana. Da Iya ta gani ta riƙe baki.

"Yo wannan ai kashe shi za su yi," ta ce. "Mutum shina hwama da sanyi, a shanya shi kamar kuɓewa?"

Allura kullum, ƙwayoyi kullum. Har ya warke yana cewa ɗuwawunsa sun koma rariya. Maganin gwamnati ce ta bayar, ba mu biya ko kwabo ba, wannan kam na gode musu. Abin da ya cinye mu shi ne motar da ke tsaye, da ƙwai da madara da nama da likita ya ce a riƙa ba shi. Na sayar da kwallayena guda biyu da keken ɗinkina, ban yi nadama ba.

Kwana uku da kwantar da shi, wani mutum ya yi sallama a zaure. Sule ya shigo da shi. Gajere ne, da kakin ma'aikatan lafiya da babban littafi a hammata, ya jingine babur ɗinsa a waje. Ya ce sunansa Malam Bulus, daga ofishin lafiya, mutumin wajen Jos ne, ba a daɗe da kawo shi Katsina ba. Aikinsa shi ne duk gidan da aka samu mai wannan ciwo ya je ya ga waɗanda suka zauna da shi, don a tare abin kafin ya yi nisa.

Bai zauna ba sai da ya shiga ɗakin Malam ya buɗe tagogi da hannunsa. Ya sa aka fitar da katifa da barguna rana, aka ƙone tsummokaran da gwangwanin, ya ce a yi wa bangon farar ƙasa. Ya yi mana bayani ba tare da tsawa ba, cewa ciwon ba gado ba ne, ba sammu ba ne, a numfashi yake tafiya, kuma babu abin da yake so kamar rufaffen ɗaki. Sannan ya zauna a kujera 'yar tsugune a tsakar gida ya buɗe littafinsa. Ina tsaye a bakin madafa da Sadiya a baya. Iya na zaune a tabarma tana jan carbi, Sule na gefe.

"Mama, yaranki nawa?" ya ce.

"Huɗu," na ce.

Na lissafa masa su, Kabiru, Hadiza, Nura, Sadiya, yana rubutawa. Ya rubuta ni, ya rubuta Sule da Iya tunda suna yawan zuwa.

"Ban da waɗannan, akwai wanda yake shiga ɗakin nan kullum, ya daɗe a ciki? Ki tuna da kyau, Mama. Wanda ya fi zama kusa da shi, shi na fi nema."

Ba sai na tuna ba, ai na sani. Sunan yana nan a kan harshena. Na dubi Iya, idonta na kan carbinta. Na dubi Sule, yana kallon kaji. A gaban uwar mijina da ƙanin mijina da baƙon namiji, in buɗe baki in ce ɗiyata ta fari, in kuma kira sunanta? Na ji kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa. Na ce a raina Iya za ta faɗa, ai ɗiyarta ce. Na ce a raina yarinyar ma ba ta gari, kuma lafiyarta lau ta tafi.

"Sai dai masu zuwa dubiya," na ce.

Ya rufe littafinsa. Daga baya na tambayi Iya, ta ce ita ta ɗauka 'yan gidan ake tambaya, Zulai kuwa ba nan take kwana ba. Sule ya ce shi ya ga manya sun yi shiru.

Washegari muka ɗunguma asibiti, duk wanda sunansa ke littafin. Aka yi mana 'yar allura a fatar hannu, aka ce mu dawo bayan kwana uku a ga ko wurin ya tashi. Manya aka ɗauke mu hoto. Ƙananan aka yi musu lambar rigakafi a kafaɗa. Hannun Kabiru ya kumbura, aka ɗauki hotonsa, aka ga abin ya fara taɓa shi kaɗan, ko tari bai fara ba. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi na wasu watanni, shi ke nan. Kabirun nan yanzu ƙato ne, ko mura ba ta cika kama shi ba.

Malam ya yi wata biyu a kwance aka sallamo shi, da sharaɗin zai ci gaba da shan magani fiye da shekara. Duk wata Malam Bulus sai ya zo, ya duba kati, ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ya ga ko ana sha. A wata na huɗu Malam ya ji ƙarfi, ya ce shi ya warke, zai koma hanya. Malam Bulus ya zauna a zaure ya ƙi tafiya.

"Maigida, ciwon ya kwanta ne, bai mutu ba. In ka bari yanzu, ranar da zai tashi maganin nan ba zai ji shi ba. Ni kuma duk tashar da ka je zan bi ka da babur ɗina."

Malam ya yi ta faɗa, ya ce bai taɓa ganin mutum mai naci irin wannan ba, amma ya zauna. Wannan nacin ne ya bar mini miji.

Zulai ta zo hutun ƙarshen shekara. Ranar da ta shigo gaishe mu na ga wuyanta ya yi tsawo, zoben hannunta yana juyawa. Iya ta ce abincin makaranta ne, kullum wake da tsutsa, ga karatu. Kowa ya yi dariya, har da ita. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ni na ga abin da na gani. Na dafa mata kaza na aika. Na ce wa maƙwabciyata Tabawa, in ta je Ƙofar Kwaya ta ɗan yi wa Iya zancen asibiti kamar daga bakinta. Tabawa ta je, Iya ta ce yarinyar da ba ta tari me za a kai ta yi. Na bar zancen, domin in na matsa, kamar na ce tsohuwar ba ta iya riƙo ba ne, bayan shekara goma sha huɗu tana wahala da ita. Malam Bulus ya zo a cikin hutun nan, ya duba katin Malam, ya sha ruwa, ya tafi. Ina jin tashin babur ɗinsa daga madafa. Hutu ya ƙare, ta koma makaranta.

Wata biyu bayan nan makaranta ta maido ta da takarda, wai zazzaɓi ya ƙi jin magani. Aka sauke ta gidan Iya, aka sake ɗauko zuma da tafarnuwa. Na je dubiya kamar kowa, na zauna a bakin ƙofa, na ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi, Yaya." Ina nan zaune la'asar ta yi, na ga ta ja bargo tana rawar sanyi. Na san wannan zazzaɓin, na san lokacinsa. Da na koma gida na ce wa Malam, "Ɗiyar Iya hwa jikin nan nata bai yi mani ba." Ya ce, "Uhm. Iya na kula da ita." Muka yi ta kewaye-kewaye kamar ba mu muka haife ta ba. Haka aka ƙara mako biyu.

Ranar da Malam Bulus ya sake zuwa, Malam ya fita masallaci. Na tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Malam Bulus, akwai wadda ban hwaɗa maka ba."

"Wace ce, Mama?"

"Ɗiyar Iya. Ita ta yi jinyar maigidan, sati shidda tana ɗakin. Yanzu tana kwance."

"Ƙanwar maigida ce?"

"A'a. Ni na haihe ta."

Na ji ƙarar buɗe littafi.

"Sunanta?"

"Zulai," na ce. Ƙasa ba ta tsage ba, rufin zaure bai faɗo ba. Ashe abin da na kasa ke nan.

"Kin ce mini huɗu."

"Ta hwari ce. Ba mu ƙirga ta hwari."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dai ce a hankali, "Wata bakwai ke nan, Mama." Daga nan bai koma ofis ba, Ƙofar Kwaya ya wuce. Da Malam ya dawo daga masallaci na gaya masa, muka bi bayansa. Iya ta so ta yi gardama, sai Malam da kansa ya ce a fito da ita. Wannan ne karo na farko da na ga ya ɗauke ta da hannunsa, ya sa ta a mota.

Wannan karon ba mu bi layi ba, Malam Bulus ya shige da mu kai tsaye. Da hoton ya fito, likitan ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana kallo. Ya yi magana, wata nas ta fassara mini.

"Ya ce ki duba nan, kamar an watsa gero. Na babanta wuri ɗaya ya ci. Nata ya watsu ko'ina."

Na duba, na kuwa ga ɗigo-ɗigo fari fal ƙirjin. Likitan ya ƙara wata magana doguwa yana girgiza kai, nas ɗin ba ta fassara wannan ba, ta ce kawai za a yi iya ƙoƙari. Har yau in na ga an shanya gero a tabarma sai na kau da kai.

Aka zo maganar wanda zai zauna da ita. Iya ta tsufa, aka ce goggonta. Na ce ni zan zauna. Aka dube ni kamar na yi saɓo. Ba a shiga ɗakin masu tari da goyo, don haka a ranar na yaye Sadiya, ko shekara ɗaya da wata biyu ba ta cika ba, na kai ta wajen ƙanwata tana tsala kuka. Na ɗauki tabarma da buta da kwanon sha na tafi.

Makon farko ba mu san yadda za mu yi da juna ba. Ban taɓa zama da ita mu biyu ba. In na ba ta kunu sai ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, kamar baƙuwa. In zan goge mata jiki ta rufe ido, ni ma in kau da kai. Allura kullum da safe, ga ta ba tsoka, har nas ɗin takan rasa inda za ta soka. Wata nas ɗin kirki ce, wata kuwa bakinta kamar reza, ta taɓa ce mini mu mutanen cikin gari sai mun ga kabari muke tuna asibiti. Na ji haushi, amma ban da bakin ramawa.

Malam Bulus ya zo da littafinsa ya tambaye ta su wa take kwana da su a makaranta. Ta lissafa masa 'yan ɗakinsu kaf, gado bayan gado, ba ta tsallake kowa ba. Ya rubuta wa ofishin lafiya na can, aka je aka gwada su. An samu biyu da abin ya fara kamawa, aka yi musu magani suka warke. Ɗayarsu har ta zama shugabar makaranta, duk sallah sai ta zo ta gaishe ni.

A mako na biyu zazzaɓin ya sauka. Ta ci tuwo, ta nemi a sayo mata rake. Na ce Alhamdu lillahi, mun tsallake. Wata ranar da hantsi ta ce kanta na ƙaiƙayi, kitson ya tsufa. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna a barandar ɗakin na tsefe mata. Na yi wa 'ya'yan unguwa kitso ba adadi, amma ban taɓa sa hannu a kan nan ba. Gashinta irin na mahaifiyata ne, mai laushi, ban sani ba sai ranar.

"Ashe hannunki babu zahi, Yaya," ta ce. "Iya kamar za ta cire ma mutum kai."

Muka yi dariya. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kabiru ya ce mani da malamin lahiya ya zo gida an rubuta kowa. Har Sadiya."

"Har ita."

"Ni hwa?"

Hannuna ya tsaya a kanta. Na ce, "Ya tambaya. Ni ce ban hwaɗi ba."

Ta ce, "Ai na sani. Gaban Iya ne. Ko ni ce haka zan yi."

Da ta yi fushi da na samu abin riƙewa. Sai ta ba ni uzuri, ta gyara zama ta ce in ƙarasa mata kafin a zo allura. Na ƙarasa, ina kitso ina share ido da gefen mayafi.

A mako na uku ciwon kai ya zo. Ta daina son haske, na rataya zanena a tagar da ke saitinta, nas ta cire, na mayar. Sai amai, sai wuya ya ƙage. Suka ɗebi ruwa a bayanta, likita ya ce abin ya hau kai. Aka ƙara magani. A mako na huɗu ta fara magana ba kan gado, tana kiran sunayen 'yan ajinsu, tana koya wa yaran da ba su nan karatu. Wani lokacin ta gane ni, wani lokacin ta ce in kira mata Iya. A lokacin ne na riƙa kiran sunanta, da ƙarfi, a gaban kowa, don in ta ji takan buɗe ido. Ranar Laraba ta mako na biyar, bayan azahar, na kira ba ta buɗe ba.

Ina da godiya ga ma'aikatan lafiya, ina kuma da ƙorafi. Sun ceci mijina, sun ceci Kabiru, sun ceci 'ya'yan mutane a makaranta, duk da littafi ɗaya da babur ɗaya. Amma an turo baƙo cikin gidajenmu ba wanda ya gaya masa yadda muke, kuma babu mace a tare da shi da za ta ja ni ɗaki ta tambaye ni ni kaɗai. Malam Bulus da kansa ya faɗi haka da ya zo ta'aziyya. Ya ce tun daga ranar ya sake tambayarsa. In ya shiga gida yakan ce, har da na fari da ba a faɗi, har da na wajen kaka, har da wanda ya tafi makaranta. Kuma ba ya tambayar mace a gaban surukarta. Ke kuma da kike karanta wannan, in mai littafin nan ya zo gidanki, ki faɗi kowa. In bakinki ya kasa, ki aika a bi shi zaure a faɗa masa.

A gidan Iya aka yi zaman makoki, tunda ɗiyarta ce. Ita aka shimfiɗa wa tabarma a tsakar gida, ita ake durƙusa wa ana cewa ya haƙuri. Mata sukan wuce ni a bakin ƙofa su ce sannu da aiki, su ƙarasa wajenta. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane, don haka na ɗaura ɗamara na shiga hidima, ina daka gumba, ina wanke kwanuka, ina kai wa baƙi ruwa. Kwana uku idona a bushe.

Ranar addu'ar uku wata tsohuwa daga dangin Malam ta riƙo hannuna a gaban mata, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku dubi Kulu, ku yi koyi. Ɗiyar hwari ta rasu, ko ƙwalla ba ta yi ba. Wannan ita ce kunya, irin ta mutanen da. Allah shi yi maki albarka."

Mata suka amsa da amin. Na durƙusa na ce mata na gode, na ɗauki tulu na tafi ɗebo ruwa.